ALKAWARI KAYA NE: YADDA WANI MATASHI YA ƘARASA LITTAFIN DA MAI SHI YA MUTU YA BARI

Masu magana sun ce alkawari kaya ne. To, idan wanda ya ɗauki kayan ya faɗi a hanya tun bai kai zango ba, wa zai ɗauka ya ƙarasa? Wannan ita ce tambayar da ta dami miliyoyin masu karatu a Amurka da sauran ƙasashen duniya ran 16 ga watan Satumba, 2007, sa'ad da labari ya bazu cewa Robert Jordan, shahararren mawallafin nan na littattafan hikaya, ya rasu yana da shekara 58. Mutumin nan ya shekara 17 yana ba jama'a labari guda ɗaya tak, ya fitar da manyan littattafai har 11 a kansa, ya kuma yi alkawari cewa na 12 shi ne zai ɗaure bakin zancen. Yana cikin rubuta shi sai ajali ya cim masa.

Yau za mu kawo wa mai karatu labarin yadda aka yi da wannan kaya da aka bari a hanya, da wanda ya ɗauka, da kuma abin da ya sa ya kai shi zango lafiya, alhali kuwa waɗansu da suka gwada irin wannan aiki sun sha zagi.

WANE NE ROBERT JORDAN?

Sunansa na yanka James Oliver Rigney, Robert Jordan kuwa sunan da ya ke sa wa a bayan littafi ne. An haife shi a birnin Charleston, cikin jihar Karolina ta Kudu, a shekarar 1948. Ya yi soja, har sau biyu ana tura shi yaƙin Biyetnam, inda ya ke riƙe da bindiga a cikin jirgi mai saukar ungulu. Da ya komo gida sai ya karanci kimiyya a makarantar soja ta Citadel, ya kama aikin injiniya a rundunar mayaƙan ruwa ta Amurka. A 1977 ya fara rubuce-rubuce. Matar da ta fara duba masa littafi kafin a kai maɗaba'a, watau Harriet McDougal, ita ce ya aura daga baya, ta kuwa ci gaba da zama editarsa har ƙarshen ransa. Mai karatu ya riƙe sunan matar nan, don kuwa ita ce ginshiƙin labarinmu.

Cikin watan Janairu na 1990 kamfanin ɗab'i na Tor ya fitar da littafinsa mai suna The Eye of the World. Shi ne na farko cikin jerin da ya kira The Wheel of Time, wanda da Hausa za mu iya ce masa Juyin Zamani. Irin labarin nan ne na ƙasashen da babu su, da tsafi, da dodanni, da jarumai. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki a makaranta ya san ɗanɗanon abin, sai dai shi wannan tsawonsa ya wuce misali.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. A duniyar da Jordan ya ƙago, zamani juyawa ya ke yi kamar abin kaɗi, rayukan mutane kuwa su ne zaren da a ke saƙa da shi, abin da ya wuce sai ya sake dawowa da wata kama. Akwai wani mugun halitta da aka ɗaure tun farkon duniya, mutane na tsoron ko ambatar sunansa, ga shi kuma ɗaurin ya fara sassautawa. Akwai wani ƙarfi na asiri mai ɓangare biyu, na mata da na maza, amma na mazan ya gurɓace, duk namijin da ya taɓa shi sai ya haukace. Sai wata mata mai asiri, Moiraine, ta zo wani ƙauye ta ɗauki samari uku, da Rand makiyayin tumaki, da Perrin yaron maƙeri, da Mat sarkin tsokana, don ta tabbata ɗayansu ne wanda aka yi annabcin zai kara da mugun nan a yaƙin ƙarshe. Tun daga littafin farko aka ɗora masu karatu a kan hanyar wannan yaƙi na ƙarshe, shi kowa ke jira.

Da fari an yi shirin littafi 6 ne. Amma labari ya yi ta yaɗo kamar kabewa, sarakuna da ƙabilu da 'yan leƙen asiri suka yi ta ƙaruwa, har masu ƙidaya suka ce mutanen da aka ambata da suna a cikinsa sun haura 2,700. Na 11, mai suna Knife of Dreams, ya fito a 2005. Yaran da suka fara karatun suna makarantar sakandare, a lokacin sun zama magidanta da 'ya'yansu.

CIWO DA WASIYYA

Cikin watan Maris na 2006 Jordan ya sanar da jama'a cewa likitoci sun same shi da wani ciwo wanda ba kasafai a kan gan shi ba, inda wani irin sinadari ke taruwa a tsokar zuciya har ta kasa aiki. Aka gaya masa galibin masu ciwon ba su wuce shekara 4. Ya tafi asibitin Mayo neman magani, ya kuma ce shi fa sai ya ga bayan ciwon, ga littattafai da yawa a kansa da bai rubuta ba.

A nan akwai abin lura. Sa'ad da ya ke da ƙoshin lafiya, Jordan ya sha faɗi cewa ba ya son kowa ya taɓa masa labari in ya mutu, gara a hallaka takardunsa. Amma da ya ga jiki ya ƙi, sai ya sake shawara. Ya tuna da mutanen da suka bi shi shekara da shekaru suna sayen littafinsa bisa amanar cewa za su ga ƙarshe. Saboda haka ya shiga shiri. Abin da ya iya rubutawa ya rubuta. Da ƙarfi ya ƙare sai ya riƙa faɗi da baki ana ɗauka a rikoda. Ya zaunar da iyalinsa ya ba su labarin yadda abin zai ƙare. Mataimakansa biyu, Maria Simons da Alan Romanczuk, suka yi ta yi masa tambayoyi game da makomar wane da wance, suna rubuta amsa. Mafi muhimmanci duka, babin rufewa na labarin ya riga ya tsara shi da kansa. Sa'an nan ya bar wa matarsa wasiyya ta nemo wanda zai ƙarasa.

YADDA AKA ZAƁI MAGAJI

Harriet ba ta nufi manyan mawallafa masu furfura ba. Wani matashi ne mai suna Brandon Sanderson, haifaffen jihar Nebaraska a 1975, da ya ji rasuwar sai ya rubuta 'yar ta'aziyya ya sa a shafinsa na intanet, yana bayyana yadda ya sayi littafin farko tun yana yaro ɗan shekara 15, da yadda littattafan Jordan suka sa masa sha'awar rubutu. Bai taɓa zama da marigayin ba, bai kuma nemi aikin ba. Aka kai wa Harriet takardar ta karanta, ta ji ta shige ta. Sai ta nemi littafinsa mai suna Mistborn, wanda kamfanin Tor ɗin ya buga a 2006, don ta ga ko mai ta'aziyyar ya iya ba da labari. Ta kuma buga masa waya, ba ta same shi ba, ta bar masa saƙo.

Cikin watan Disamba na 2007 aka yi shela cewa shi aka zaɓa. A lokacin bai cika shekara 32 ba, kuma littafinsa na farko, Elantris, bai kai shekara 3 da fitowa ba. Mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Sai dai abin da ba su sani ba shi ne, kafin a karɓi littafinsa na farko ya riga ya rubuta fiye da 10 waɗanda ba wanda ya saya, yawancinsu da dare ya rubuta su sa'ad da ya ke aikin karɓar baƙi a wani otal. Watau dai mutum ne wanda ya saba da doguwar tafiya.

Ya tafi gidan marigayin a Charleston aka danƙa masa abin da aka bari. Abin da ya tarar kuwa ba littafi ne da ya rage kaɗan a gama ba. Waɗansu babobi an rubuta su sarai, waɗansu rabi, waɗansu kuwa jimla ɗaya ko biyu ce kawai ta cewa abu kaza zai faru, ba a faɗi ta yaya ba. Bayan wannan ga tulin bayanai na shekaru da Jordan ya tara a kan ƙasashe da al'adu da mutanen labarin, waɗanda sai mataimakan nan biyu ne suka san inda kowane abu ya ke a ciki. Kamar dai a ba magini gida ne an kafa harsashi, an ta da bango nan da can, an kuma ajiye ƙofar zaure, a ce masa ya haɗa.

LITTAFI ƊAYA YA ZAMA UKU

Kafin rasuwarsa Jordan ya dage cewa littafi ɗaya ya rage, kome kaurinsa. Da Sanderson ya zauna ya lissafa zaren labarin da ba a ɗaure ba, sai ya ga abin zai haura kalma 750,000, wanda ba maɗaba'ar da za ta iya ɗinke shi a bango guda. Cikin watan Maris na 2009 aka sanar cewa za a raba shi uku. Nan fa aka yi ca. Waɗansu suka ce kamfani ne ke son tatsar mamaci, waɗansu suka ce an saɓa wa wasiyya tun ba a je ko'ina ba. Sanderson ya fito ya yi dogon bayani cewa in aka matse labarin cikin littafi ɗaya, to, mutane da yawa da masu karatu suka shekara 20 suna bi za a sallame su a layi biyu.

Na 12, The Gathering Storm, ya fito a watan Oktoba na 2009. Na 13, Towers of Midnight, a Nuwamba na 2010. Na 14 kuma na ƙarshe, A Memory of Light, ya fito ran 8 ga Janairu, 2013, shekara 23 bayan na farko. Dukkansu uku sun hau kan gaba a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times. A bangon kowanne sunan marigayin ne a sama, na magajin a ƙasa. A littafin ƙarshen babi guda, wanda ya ƙunshi yaƙin nan da a ke jira, ya kusa shafi 200 shi kaɗai. Da aka zo rufewa kuwa sai Sanderson ya janye hannunsa, aka sa babin da Jordan ya bari, don mai labari ya yi sallama da bakinsa.

Wani abin tausayi kuma, mai zanen da ya yi hoton bangon littattafan tun daga na farko, Darrell Sweet, shi ma ya rasu a Disamba ta 2011 bai gama zanen na ƙarshe ba, sai wani gwani mai suna Michael Whelan ya yi.

INDA YA DACE DA INDA AKA YI ƘORAFI

Tun farko Sanderson ya yanke shawara ba zai kwaikwayi harshen Jordan kalma da kalma ba, don a ganinsa wanda ya ari muryar wani, ƙarshenta abin dariya ya kan zama. Abin da ya yi ƙoƙarin riƙewa shi ne halin mutanen labarin, kowa ya yi abin da an san zai iya yi. Jordan mutum ne mai son tsayawa ya siffanta tufafi da gine-gine da kallon da wance ta yi wa wane, shi kuwa Sanderson mai sauri ne, jimlolinsa gajeru. Waɗansu masu karatu sun ji daɗin haka, don dama sun gaji da yadda littafi na 8 zuwa na 10 suka yi ta jan ƙafa. Waɗansu kuwa suka ce miya ta sake ɗanɗano.

Babban ƙorafin da aka yi a kan Mat ne. A hannun Jordan, Mat mutum ne mai gunaguni, kullum yana cewa shi ba jarumi ba ne alhali yana aikin jarumai, abin dariyarsa a ɓoye ya ke. A littafi na 12 sai ya koma kamar ɗan kama mai neman a yi dariya da gangan. Masu karatu suka yi magana, Sanderson kuwa bai yi gardama ba, ya yarda bai kama shi daidai ba, ya kuma yi ƙoƙarin gyarawa a littattafai biyun da suka biyo. Ya kuma bayyana wa jama'a, gwargwadon yadda aka yarje masa, inda hannun marigayin ya fi yawa da inda nasa ya fi. Alal misali ya ce a kan Perrin abin da aka bar masa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka yawancin tafiyar Perrin shi ya ƙago ta.

Duk da ƙorafin, bashin da ke kan marigayin an biya. Har wani kisan gilla da aka yi a littafi na 5 tun 1993, wanda masu karatu suka shekara 17 suna musu a kan wa ya yi shi, an ba da amsarsa a 2010. A 2014 aka sa jerin gaba ɗaya cikin masu takarar lambar Hugo, wadda ke cikin manyan lambobin irin wannan adabi, ko da ya ke bai ci ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 90 a duniya. Kamfanin Amazon ya mai da labarin wasan talabijin a 2021, ya yi zango 3, aka dakatar da shi a 2025.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ƙarasa aikin mamaci ba yau aka fara ba. Almajiran ilmi sun san Tafsirin Jalalaini malamai biyu ne suka yi shi: Jalaluddin al-Mahalli ya rasu a 1459 bai gama ba, ɗalibinsa Jalaluddin al-Suyuɗi ya ƙarasa bisa tsarin malaminsa. Littafin ilmi daban, na hikaya daban, amma ladabin ɗaukar aikin wani iri ɗaya ne.

A fagen hikaya kuwa kowa da yadda ta kaya masa. J.R.R. Tolkien na Ingila, mai The Lord of the Rings, ya rasu a 1973 ya bar takardu birjik. Ɗansa Christopher ya tattara su ya fitar da The Silmarillion a 1977, sa'an nan ya ƙare sauran rayuwarsa yana buga rubutun mahaifinsa tare da nuna inda ya sa hannu. Frank Herbert, mai littattafan Dune, ya rasu a 1986. Ɗansa Brian da wani marubuci Kevin Anderson suka ƙarasa labarin a 2006 da 2007 bisa bayanan da suka ce ya bari, amma ba su tsaya nan ba, littattafan da suka rubuta a wannan duniya sun haura 12, har masoyan uban da yawa suka juya musu baya.

Shi kuwa Terry Pratchett na Ingila, mai littattafan Discworld guda 41, wanda ya rasu a 2015, cewa ya yi kada a taɓa. Ya bar wasiyya a murƙushe abin da bai gama ba. A watan Agusta na 2017 aka ɗauki faifan ajiya na kwamfutarsa aka sa a ƙasa, wata tsohuwar motar daɓen hanya mai aiki da tururi ta bi ta kansa. Wannan ma cika wasiyya ce. A Japan kuma, da mai zanen labarin Berserk, Kentaro Miura, ya rasu a 2021, amininsa Kouji Mori, wanda marigayin ya taɓa ba shi labarin har ƙarshe, shi ya ɗauki nauyin lura da ci gaban aikin daga 2022, ya kuma ce abin da ya ji daga bakin abokinsa kaɗai zai bayar.

ABIN DA YA SA AKA DACE

In aka duba waɗannan duka, za a ga dacewar da aka yi a kan Juyin Zamani ba sa'a ce kawai ba. Da farko dai mai abu ya yarda, da bakinsa ya ce a ƙarasa. Na biyu, bai tafi da ƙarshen labarin kabari ba, ya faɗa, ya rubuta. Na uku, akwai mai tsaron amana, watau Harriet, wadda ta duba kowane littafi tun na farko, kuma kowane shafi da Sanderson ya rubuta sai ya bi ta hannunta, abin da ta ce a cire a cire.

Na huɗu shi ne wanda ya fi wuya. Jordan ya yi niyyar rubuta waɗansu littattafai 3 a kan rayuwar Mat bayan yaƙi, da waɗansu 2 a kan abubuwan da suka faru kafin labarin, amma abin da ya bari a kansu bai wuce 'yan jimloli ba. Da an rubuta su da an sami kuɗi mai yawa. Harriet da Sanderson suka ce a'a, abin da marigayin bai bar bayaninsa ba, in an rubuta ba nasa ba ne. Sanderson ya ajiye alƙalamin ya koma kan nasa littattafan, Allah kuwa ya ba shi nasa rabon, don a 2022 da ya nemi masu karatu su biya kuɗin waɗansu sababbin littattafansa 4 tun kafin a buga, sun tara masa fiye da dala miliyan 41.

Jama'a, mu da ke zaune a Kurmi ba baƙin wannan magana ba ne. Sau nawa a Sabon Ibadan ko Agege mutum ya kan faɗi ya mutu, ya bar gini rabi a gida, da kuɗin mutane a hannunsa, da nasa a hannun mutane, ba takarda ba shaida, 'yan'uwa su zo su rasa ta inda za su kama? Jordan ya ga alamar tafiya, bai ce ai da sauran lokaci ba, ya kira mutanensa ya faɗa musu inda kome ya ke. Wanda aka ba amanar kuma ya kai kaya inda aka ce ya kai, ya sauke, bai buɗe ya ɗiba ba. Allah ya ba mu ikon barin bayani, ya kuma haɗa mu da magada masu amana.